Gidan Gandu a Ƙasar Bici

A ƙauyukan Bici, kan hanyar Kano zuwa Katsina, ba a gina gidan gandu rana ɗaya. Zaure da katanga ake fara tayarwa, sannan a riƙa ƙara ɗakuna yadda iyali ke yalwata. In ɗa ya yi aure, sai a yanka masa sashe. Rijiya da tsakar gida kuwa na kowa ne.

Magina kan kwaɓa jar ƙasa da ciyawa su yi tubali, su jera azara su rufa soro. Ginin ƙasa mai kauri yana tare zafin bazara, yana riƙe ɗumi da hunturu. Sai dai yana buƙatar yaɓe kafin damina, shi ya sa bulo da kwano ke samun karɓuwa duk da tsadar siminti.