Jarabar giya, shan yau da kullum da tuƙi a buge: ina gaskiya, ina ƙarya?

A bakin jama'a, duk wanda aka taɓa jin warin barasa a jikinsa sunansa mashayi. Hukuncin giya a Musulunci sananne ne, kuma ba shi muka zo warwarewa ba. Abin da ya kamata iyali da direbobi su sani shi ne likitoci da doka sun raba lamarin gida uku, kuma kowane gida da irin matakin da ya dace da shi.

Jarabar giya cuta ce. Alamominta su ne mutum ya kasa tsayawa idan ya fara, giya ta sha gaban aikinsa da iyalinsa, jikinsa ya riƙa neman ƙari kafin ya ji ta, ya kuma rikice idan ya rasa. Mai shan yau da kullum ya mai da sha ɗabi'a, amma zai iya bari jikinsa bai tayar masa da hankali ba. Tuƙi a buge kuwa laifi ne da ake aunawa da yawan barasar da ke cikin jini a daidai lokacin da mutum ke riƙe da sitiyari.

"Wanda ba ya sha kullum bai kamu ba."

Ƙarya ne. Akwai wanda zai yi mako biyu bai ɗanɗana ba, amma ranar da ya fara sai ya kwana uku bai san inda kansa yake ba. Wannan ya fi kusa da cutar a kan wanda ke shan kwalba ɗaya da yamma ya tashi. Likita ba kwanaki yake ƙirgawa ba, yana duba wa ke iko da wani tsakanin mutumin da giyar.

"Shan kaɗan-kaɗan ma yana yin illa."

Gaskiya ne. Hanta ba ta tambayar ko mai ita ya kamu da jaraba. Tun 1988 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya barasa a rukunin farko na abubuwan da ke haddasa daji, kuma an tabbatar da alaƙarta da dajin baki, maƙogwaro, hanta, hanji da nono. Hukumar ta kiyasta cewa barasa ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 2.6 a shekarar 2019. Ga shi kuma sabo ne ke share wa jaraba hanya.

"Riƙaƙƙun mashaya ne kawai ke jawo haɗari a hanya."

Ƙarya ne. Saurayin da ya sha sau ɗaya a wurin biki ya hau babur yana iya kashe rai a daren. Shi ya sa doka ba ta duba tarihin direba, jininsa take dubawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada barasa ta wuce giram 0.05 a kowace mililita 100 ta jini, ga matasa da sababbin direbobi kuwa 0.02. Ingila da mafi yawan jihohin Amurka suna kan 0.08, amma Sikotilan ta sauko zuwa 0.05 a 2014.

"Ni na saba, ba ta taɓa ni."

Wannan ita ce ƙaryar da ta fi yawo a tashoshin mota. Sabo yana ɓoye tangaɗi da sarƙewar harshe, amma ba ya maido wa ido da ƙafa saurinsu. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a daƙiƙa ɗaya. Jinkirin daƙiƙa guda wajen taka birki ya isa ya raba uwa da ɗanta. Da yawa daga cikin haɗe-haɗen da ake sayarwa a tasha da sunan maganin basir ko ciwon baya, da ƴan ledar giyar nan da NAFDAC ta fara aiwatar da haramcinsu a 2024, barasa ce, kuma jini bai san bambancinsu da ta kwalba ba.

"Goro, kofi ko wanka da ruwan sanyi suna kore maye."

Ƙarya ne. Hanta ce ke sarrafa barasa, kuma tana ɗaukar kimanin awa guda kan abin da bai kai ƙaramar kwalbar giya ba. Goro da kofi barci kawai suke korewa, barasar tana nan. Wanda ya raba dare yana sha zai iya ɗaukar fasinja da asuba alhali jininsa bai sauka ba.

"A kulle shi a ɗaki, zai daina."

Wannan shawara tana iya kisa. Idan jiki ya riga ya dogara da giya, yanke ta farat ɗaya na kawo makyarkyata da gumi cikin awanni, wani lokaci jijjiga irin ta farfaɗiya, bayan kwana biyu zuwa uku kuma ruɗewa da gane-gane. Sau da yawa a nan ne dangi ke cewa aljanu ne ko jifa. Ba mu manta da Satumban 2019 ba, lokacin da ƴan sanda suka fito da sama da mutum 300 daga wani gida a Rigasa, Kaduna, wasu ɗaure da mari. Sarƙa ba ta taɓa warkar da jaraba ba.

"Cutar ba ta da magani."

Ƙarya ne. Asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kaduna, Kware da Maiduguri suna duba masu shaye-shaye. Ana sauke majinyaci daga giya a gaban likita, akwai magunguna irin su naltrexone masu rage kwaɗayinta, sannan a bi da zaman shawara. Koma-baya yakan faru, kuma dalili ne na komawa asibiti.

Saboda haka a duba wanne ne a gabanmu. Mai shan yau da kullum yana buƙatar nasiha tun bai yi nisa ba. Wanda ya kamu yana buƙatar likita da dangin da ba za su ɓoye shi don gudun abin kunya ba. Wanda kuwa ya sha ya nufi mota, a karɓe makullin, fasinja su sauka, shugabannin tasha su hana shi lodi, ko da yau ne ya fara sha.