Taimakon Tsara Ga Tsara A Kan Ciwon Damuwa: Bayani Ga Hakimai Da Malamansu

1. A shekarar 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cikin kowane yara bakwai 'yan shekara 10 zuwa 19, ɗaya yana fama da wata lalura ta ƙwaƙwalwa. Galibinta ba hauka ba ne. Baƙin ciki ne mai daɗewa, da fargaba, da rashin barci. Likitocin wannan ciwo kuwa a Nijeriya duka ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba, su ma yawancinsu a manyan birane su ke.

2. Kongolam, a ƙasar Mai'aduwa, gari ne na bakin iyaka, samarinsa da yawa da dako da lodi da acaɓa su ke ci. Da aka rufe iyakokin ƙasa a watan Agusta 2019, aka sāke rufe ta Nijar a 2023, sana'a ta tsaya. Zaman banza shi ke jawo tunani, tunani kuwa ya kan kai yaro ga ƙwaya.

3. Yaro ba ya faɗa wa ubansa ciwon zuciyarsa, gama kunya ta hana. Abokinsa shi ke fara lura ya daina zuwa dandali, ya rame, ya bar magana. Haka yarinya da ƙawarta.

4. An gwada amfani da wannan a ƙasar Kenya. Wani shiri mai suna Shamiri ya kan horad da waɗanda ba su daɗe da gama sakandare ba, su zauna da 'yan makaranta ƙungiya-ƙungiya, sau ɗaya a mako har mako huɗu. Bincike ya nuna damuwar yaran ta ragu. Ƙasar Daura ba ta rasa tushen irin wannan ba, tun da ta san Sarkin Samari da aikin gayya tun kaka da kakanni.

5. Saboda haka ya kamata Hakimi ya umurci dagatai da masu unguwa su zaɓo samari da 'yammata masu natsuwa, ma'aikacin lafiya ya koya musu abu uku: sauraro ba tare da gori ba, riƙon asiri, da sanin iyakarsu. Aboki ba likita ba ne, kada ya ba da magani. In yaro ya ambaci kashe kansa, ko ya rikice, to asiri ya ƙare, lalle ne a gaya wa iyaye, a kai shi asibiti a ranar.

6. Malamin Hakimi ya rubuta yawan waɗanda aka kai asibiti, amma ban da sunayensu.

7. A tuna, a watan Janairu 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye ta 1958. Ta ba mai wannan ciwo haƙƙin magani da mutunci. Ɗaure yaro a mari ba magani ba ne.