Mece ce Tsohuwar Gitar Gargajiya ta Sifen?

Gita ce ta katako mai tsirkiya shida, wadda ake kaɗawa da yatsu ba tare da lantarki ba. Siffarta ta yau aikin Antonio de Torres ne, masassaƙi daga Almeriya a Sifen, wanda ya rasu a 1892. Ya faɗaɗa cikinta, ya sirantar da allon fuskarta, ya tallafe shi daga ciki da siraran itatuwa jere kamar mafici. A 1862 ya ƙera wata mai baya da gefuna na kwali, don nuna cewa daga fuska amon yake fitowa. Da hanjin dabba ake yin tsirkiya kafin zuwan nailan. Makaɗa da gidajen tarihi ke neman irinta, masu ƙira kuma suna kwaikwayonta har yau.