Filin golf na Ikoyi: yashin da ya kafa tarihi a 1981

Ma'aikacin da ya saba ganin koriyar ciyawar filin golf na IBB a Abuja zai yi mamaki idan aka gaya masa cewa a kan yashi aka kafa tarihi mafi girma na wannan wasa a Nijeriya. A shekarar 1981, a gasar Nigerian Open da aka yi a kulob ɗin Ikoyi da ke Legas, wani ɗan Ingila, Peter Tupling, ya kammala ramuka 72 da bugu 255 kacal. Ƙa'idar filin bugu 71 ce a kowane zagaye na ramuka 18, wato 284 a zagaye huɗu. Ya rage 29 ke nan, abin da ba a taɓa gani ba a gasar ƙwararru kafin lokacin.

Sirrin yana cikin dandalin da ke kewaye da kowane rami. A Turai ciyawa ce da ake aske wa ƙwal, mai tudu da gangare, ƙwallo na karkacewa a kanta yadda ta ga dama. A Ikoyi ta wancan zamani kuwa, yashi ne da aka cakuɗa da baƙin mai, aka daddaɓe shi ya kwanta. Kafin ɗan wasa ya yi bugun ƙarshe, sai a share masa hanya sumul har bakin rami. Ƙwallon da ta faɗo daga sama ba ta yin tsalle da nisa, wadda aka gangara kuma miƙe take tafiya. Shi ya sa wasu ke rage wa bajintar Tupling daraja. A ganina ba su yi adalci ba, domin duk abokan karawarsa a kan wannan yashin suka buga, babu wanda ya kamo shi.

Ba a zaɓi yashi don ado ba. Ciyawa na shan ruwa kullum, tana buƙatar taki da injin yanka da ma'aikata, kuma duk wanda ya ga abin da hunturu ke yi wa ciyayi a Kano ko Abuja ya san tsadar riƙe ta da rai har damina.

A wannan gasa Sandy Lyle ya ci kofinsa na farko a matsayin ƙwararre a 1978, Vijay Singh na ƙasar Fiji ya lashe ta a 1988 da 1989, dukansu kafin su ci gasar Masters a Amurka. Mazauna Agege sun fi kusa da kulob ɗin golf na Ikeja, amma tarihin yana can tsallaken gada.