Abin da Rini Ya Nuna a Bakinmu

Ka taɓa yin asuwaki ka ga jini a kansa? Mutane da yawa suna cewa ba kome. To, akwai kome. Dasashi ne yake ciwo.

Farin dattin nan da ke taruwa a gindin haƙori ba ragowar tuwo kaɗai ba ne. Ƙwayoyi ne masu rai. Ido ba ya ganinsu, sai da madubin likita. Ko a madubin ma ba su fita sosai, don ba su da launi. Saboda haka masana suka koma ga dabarar marina.

A shekarar 1884 wani likita mutumin Denmak, wai shi Gram, ya rina ƙwayoyi da shunayya, sa'an nan ya wanke su da sifirit. Waɗansu suka riƙe rinin, waɗansu suka sake. Yanzu waɗanda suka sake akan ƙara musu jan rini. A baki mai lafiya masu shunayya sun fi yawa. In datti ya daɗe, sai jajaye su yi yawa, kuma a cikinsu ne ake samun masu cin dasashi.

A 1965, a Denmak ɗin dai, aka sa waɗansu masu lafiya su bar wanke baki. Cikin kwana 10 zuwa 21 dasashinsu ya kumbura. Da suka koma wankewa, cikin kamar mako guda ya warke.

A 2016 masana a Amurka suka rina dattin haƙori da launi iri iri, kowace ƙwaya da nata. Sai suka ga ashe gari ne sosai, kowane iri da unguwarsa. Dogaye sun kafa gindi sun miƙe kamar ƙayar bushiya, ƙanana sun maƙale a bakinsu.

Ka ga, gari ba ya kafuwa rana ɗaya. Asuwaki shi ne mai rushe shi. Ka yi safe da dare, da asuwaki ko buroshi. Ka bi gindin haƙora a hankali, ciki da waje. In ka ga jini, kada ka daina. In jinin ya ƙi tsayawa, ko haƙori yana girgiza, tafi asibiti. Haƙorin babba in ya fita ba ya sake tsirowa.

Koya wa 'ya'yanka tun suna ƙanana. Rigakafi ya fi magani.