Fumfunar gyaɗa

Yara, kun taɓa ganin gyaɗar da ta yi fumfuna? Fumfunar nan halitta ce mai rai. Cikin jikinta akwai ƙwayoyin gado masu sa ta ƙera wasu ƴan ma'aikata, sunansu anzim. Babbansu yana jera ƙananan sinadarai ɗaya bayan ɗaya, kamar ƴaƴan tasbaha a zare. Sauran su lanƙwasa jerin, su gyara shi. Haka ake samun aflatoksin, guba mai lalata hanta. A 1960 ta kashe talo-talo wajen dubu 100 a Ingila.

Suya ba ta raba gyaɗa da gubar nan. Sai a shanya ta ta bushe sarai, a zubar da mai fumfuna.

Wata fumfunar kuwa, da irin wannan aiki, maganin makero take ba mu.