Hular da Allura Ba Ta Bar Sawu Ba

Ƙulin ƙulifita! Hula ce ba ɗinki, ba bakin zare, amma ta zauna daram a kan dattijo. Ka je sallar Juma'a a Ikara, ko ɗaurin aure a Makarfi ko Hunkuyi ta ƙasar Kudan, ba za ka rasa ta ba, wani lokaci tana leƙowa ta tsakiyar rawani. Jar dara ke nan. Karɓi ɗaya ka juya cikinta. Zanna bukar da kube suna nuna duk inda allura ta bi. Ita kuwa ko ɗis. To wa ya yi ta, kuma da me?

Mai saurin amsa zai ce aikin gida ne. Ai muna da karan dafi, wanda dukawa ke rina fatar akuya da shi ta yi jawur. Amma shafa ta ka ji. Wannan gashi ne, ba fata ba.

Wani zai ce ta 'yan siyasa ce, ya ambaci Malam Aminu Kano da 'yan Kwankwasiyya. Sun ɗaukaka ta, gaskiya ne, sai dai a kasuwa suka tarar da ita. To Turawa fa? Nan na fi jinkirtawa, domin hotunan sojojin mulkin mallaka cike suke da jajayen huluna masu tunku. Sai dai wani Bature matafiyi, Heinrich Barth, ya shigo Kano a 1851, shekara 52 kafin Ingilishi su ci birnin, kuma ya iske jajayen huluna cikin hajar da ake kawowa daga arewa.

Daga arewa. Sawun raƙumi ke nan. Agadas. Gat. Gadamas. Tarabulus. Saura ƙiris.

Tunis!

A can sunanta shashiya, kuma Musulmin Andalus da aka koro daga Sifaniya tun daga 1609 su suka bunƙasa sana'arta. Ga abin da ido bai gani ba: dara ta asali saƙa ce. Mata ke saƙa ta da farin gashin tumaki, ƙatuwa, sakwa-sakwa kamar jakar da ba kan da zai cika ta. Sai a kai ta Battan, bakin kogin Majarda, a jiƙa ta da ruwa da sabulu, a yi ta bugu har gashin ya cuɗe, ya kama juna, ta tsuke ta yi kauri. Idon saƙar bai tafi ko'ina ba, nutsewa ya yi. Daga nan a taje ta da ƙayar wani tsiro, a aske gashin da ya tashi, a ɗora ta a kan ma'auni ta ɗauki siffa. Wannan haƙuri na burge ni ƙwarai: hannaye da yawa sun yi aiki, kowane yana ɓoye aikin na gabansa.

Saura jan. Ba ganye ba ne, ba saiwa ba. Ƙwaro ne! A da, wani ɗan mitsitsin ƙwaro mai maƙalewa a itace ake busarwa a niƙa, a rina hulunan da shi a garin Zagwan. 

Masu wannan sana'a suna nan a tsohuwar kasuwar Tunis, kuma Libiya da Nijar da Najeriya na cikin manyan masu sayen abin da suke yi.